Tagumin Yumɓu

Ranar da Labbo ke haƙa rijiya a wani ƙauye bayan Kware,
ya yi gaba huɗu cikin ƙasa
sai diga ta daki abin da ba dutse ba.
A guga aka jawo shi sama:
mutum ne na yumɓu, bai kai kamu guda ba,
gira ta yi masa nauyi bisa ido,
haɓa a kan gwiwa, tafi a kumatu.
Tagumi.

Muka kewaye shi, ba mai cewa uffan.
Inna Ige ta ce a cire masa hannun nan,
tagumi ba kyau, marayu aka sani da shi.
Ta sa yatsa ta ja. Hannun ya ƙi.
Wanda ya gina shi haka ya gasa shi,
tun gulbin nan bai san sunansa ba.

Me ya ci maka rai, ɗan ƙasa?
Fari ne ya ƙone gero yana bununi,
ko ɗa ne ya tafi su bai dawo ba?
Wa kake kira, da wane suna?
Shiru. Da bakin rufe aka sa shi wuta.

Sai na tuna shekarar da na je gyaran kwano
a wani coci cikin birnin Sakkwato.
Daga kan tsani na hango ta a lungu,
mace ce ta itace, fenti ya ɓare mata a goshi,
gawar ɗanta na kwance bisa cinyarta.
Hannun dama ya tallabe shi.
Na hagu ya saki, a buɗe, ba komai ciki,
kamar mai tambaya: to yanzu fa?
Ban san addu'arsu ba.
Hannun na sani.
Shi Hajo ta yi a barandar asibiti
daren da aka ja wa Dikko mayafi har ka.

Mu ba mu zana fuska,
in ji Malam Sambo mai zayyana,
yana fiƙe alƙalami da 'yar wuƙa.
Amma matso ka ga.
Alu ya tsaya ƙiƙam kamar mai kabbara,
dal ya sunkuya,
mim ya dunƙule, goshi a ƙasa.
Nun ara kuwa tafi ne a buɗe,
ko ɗigo ba a sa masa ba,
jira yake.
Ya busa tawada, ya ce:
kowa da inda yake ɓoye kukansa.

Bara ma da ruwa ya ɗauke kwana talatin
mun fita fili, riguna a baibai,
tsofaffi gaba, yara na tari cikin rana.
Na saci kallon sahu.
Hannun mahauci, hannun alƙali,
hannun da kuturta ta rage wa yatsu,
duk ƙoƙo guda ne
aka miƙa wa sama.

Wani mai mota ya zo taya ɗan yumɓun,
ya ce a can Turai gilashi ake sa musu,
a kunna musu fitila, mutane su biya su kalla.
Labbo ya ce bari ya ga ruwa tukuna.
Ya ajiye shi ƙarƙashin rumbu, kusa da kaji.

Gaba tara. Gaba goma sha ɗaya.
Ƙasa ja, ƙasa fara, sai marmara.
Ran Laraba da la'asar ya fito,
ƙura har cikin gashin ido,
ya zauna bakin ramin,
haɓa a kan gwiwa, tafi a kumatu.
Bai san ya yi ba.

Inna Ige ta ajiye tulunta, ta zo
ta sa yatsa ta ja.
Wannan ya ciru.
Ta juya masa shi, tafin na kallon sama,
ta jawo ɗayan ta haɗa,
ta ce: kai ba a gasa ka ba, Labbo.
Riƙe haka.